Wane ne gwarzon Holan, kuma a idon wa?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina so a wannan makon mu waiwayi wata ƙasa da ba kasafai muke ambatonta ba idan ana zancen yaƙi da mulki, wato Holan, wadda yawancinmu ba mu san ta da komai ba sai atamfa da madarar gwangwani da ƙwallon ƙafa. Faɗinta bai kai na Jihar Kaduna ba, amma a ƙarni na 17 ta gwabza da Sifaniya da Ingila da Faransa, wani lokacin ma da biyu daga cikinsu a tare, ba su kuwa iya haɗiye ta ba. Tambayata ita ce, cikin shugabannin yaƙin da ƙasar ta haifa, wane ne ya fi cancanta a kira shi gwarzo?

Ni dai Michiel de Ruyter na zaɓa. An haife shi a garin Vlissingen a 1607, mahaifinsa ɗan dako ne, shi kuma ya fara neman na kansa a wurin masu tufkar igiyar jirgi kafin ya shiga teku yana ɗan shekara 11. Bai gaji sarauta ba, bai gaji dukiya ba, amma ya kai matsayin da babu wani sojan ruwa a ƙasarsa da ke gaba da shi. A watan Yunin 1667 rundunar da yake jagoranta ta shiga bakin kogin Thames, ta kutsa kogin Medway har kusa da Chatham, inda Turawan Ingila suka ajiye manyan jiragensu na yaƙi. An gitta wata ƙatuwar sarƙar ƙarfe a kogin domin ta tare hanya, suka tsinka ta, suka ƙone manyan jirage uku, sannan suka ɗaura wa Royal Charles igiya, jirgin da ke ɗauke da sunan sarkin Ingila kansa, suka ja shi zuwa gida kamar akuyar da aka sayo daga kasuwa. Tambarin sarautar da aka ciro daga bayan jirgin yana gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam har yau. A ƙarshen watan Yuli aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Breda. Haka kuma a 1672 da 1673, lokacin da Faransa ta mamayo ta tudu, Ingila kuma ta ɓullo ta teku, shi ne ya hana jiragen ƙasashen biyu sauke sojoji a gaɓar Holan. Ya mutu a 1676 a tsibirin Sisili, yana da shekara 69, bayan harsashin igwa ya same shi a ƙafa a bakin daga.

Baba Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara basira, amma ku malaman makaranta kun fi son labarin rana guda mai ƙura da hayaƙi, mu kuwa da muka sa kaki mun san cewa tun a filin fareti da ofishin biyan albashi ake cin yaƙi ko a faɗi. Ka tambayi kanka dalilin da ya sa manyan jiragen Ingila suke ɗaure a Chatham a tsakiyar yaƙi. Baitulmalin Sarki Charles na Biyu ne ya bushe, aka daɗe ba a biya matuƙa jiragen ba sai dai a ba su takardar bashi, har wasu daga cikinsu suka sauya sheƙa, suka shiga jiragen Holan suna nuna musu hanyar kogin. Ba na rage wa de Ruyter komai, amma ƙofar da ya shiga yunwa ce ta buɗe masa ita.

Saboda haka nawa gwarzon shi ne Maurits na Nassau, ɗan Willem na Orange, jagoran tawayen Holan a kan Sifaniya. An harbe mahaifinsa a Delft a 1584, a cikin gidansa, ramukan harsashin ma suna jikin bangon matakalar har yanzu, shi kuma yana saurayi ya karɓi ragamar sojojin da ke yaƙi da Sifaniya, daular da ta fi kowace ƙarfi a Turai a lokacin. Abin da ya yi ba shi da daɗin bayarwa a dandali, amma shi ne aikin. Ya rarraba runduna zuwa ƙananan rukunoni masu sauƙin juyawa, ya sa sojoji su riƙa haƙa ramuka da hannunsu a lokacin da ake ganin shebur ƙasƙanci ne ga soja, ya kuma tilasta atisaye kullum. Shi da ɗan uwansa Willem Lodewijk suka tsara cewa sahun gaba ya harba, ya koma baya ya ɗura albarushi, sahu na biyu ya maye gurbinsa, ta yadda wuta ba za ta yanke ba. A 1607 aka buga littafi mai zane-zane da ya kasa riƙon bindiga da ɗura ta da harba ta zuwa matakai 42, kowanne da kalmar umarninsa. Duk kurtun da saje ya taɓa yi wa tsawa a fareti, a Zariya ne ko a wani wuri, yana cin gadon wannan tsari ko bai sani ba. Uwa uba, gwamnatinsu ta dage wajen biyan soja a kan kari, domin sun ga abin da sojojin Sifaniya suka yi a Antwerp a 1576, da aka hana su albashi suka afka wa birnin, suka kashe dubban mutane.

Hajiya 'Yar Kumasi:
Malam da Baba, Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Sai dai ku biyun daga Turai kuke hangen waɗannan mutane, ni kuwa daga gaɓar tekun Gana nake hangensu, kuma abin da ake gani daga nan dabam ne. Malam ya tsallake shekarun 1664 da 1665 a tarihin gwarzonsa. A lokacin an ba de Ruyter umarni a asirce ya bar tekun Bahar Rum ya gangaro Afirka ta Yamma, domin ya ƙwato sansanonin da Robert Holmes na Ingila ya karɓe daga hannun kamfanin Holan mai ciniki a Afirka da Amurka. Ya karɓe tsibirin Gore da ke kusa da Dakar, ya zo gaɓarmu, a farkon 1665 kuma ya ƙwace sansanin Ingila na Kormantin, wanda aka sauya wa suna zuwa Fort Amsterdam. To me ake saye da sayarwa a waɗannan sansanoni? Zinariya da mutane. Jiragen Holan sun tsallakar da 'yan Afirka kimanin 600,000 zuwa ƙetaren tekun Atlantika, kuma da de Ruyter bai yi wannan tafiya ba, da wuya kamfanin ya ci gaba da tsayawa da ƙafarsa a gaɓar.

Duk wanda ya samu hali ya je Elmina ya gani da idonsa. Mutanen Holan sun ƙwace sansanin garin daga hannun Fotugal a 1637, bayan sun hau tudun da ke fuskantarsa sun kafa igwa, kuma Johan Maurits, gwamnansu a Barazil, shi ne ya turo rundunar, domin gonakin rake na can suna bukatar bayi. Idan ka shiga farfajiyar ɓangaren mata, ka ɗaga kai, za ka ga barandar da gwamna ke tsayawa yana duban waɗanda aka fito da su daga kurkuku. Ɗakunan ƙasa ba su da taga sai 'yan ƙananan kafofi, daɓensu ya yi baƙi ya yi santsi, a saman bene kuma akwai ɗakin da suke taruwa su yi ibada. Da na fito daga wurin ban iya cin abinci ba sai dare. Ina roƙon Malam ya gaya mana ko wannan ma yana cikin lissafin jarumtar.

Malamin Tarihi:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Babu ko ɗaya cikin abin da kika faɗa da zan musa, kuma yana cikin lissafi. Abin da nake cewa shi ne, de Ruyter sojan gwamnati ne da aka aika ya ƙwato wuraren da aka karɓe wa ƙasarsa ba tare da an yi shelar yaƙi ba, waɗanda ya ƙwace daga hannunsu kuma su ma cinikin bayin suke yi, har ƙanin sarkin Ingila ne shugaban kamfaninsu. Da ya zauna a gida, ba bawa ko ɗaya da zai tsira, sai dai tutar da ke kan jirgin ta sauya. Sannan an shaide shi da halin da ba a cika samu ba a wurin manyan sojojin zamaninsa: matuƙan jiragensa suna kiransa Kaka saboda yadda yake kula da su, kuma a shekarar da ya mutu ya sa aka saki wasu limaman coci 'yan Hungari su 26 da aka ɗaure suna tuƙin jirage a Naples saboda aƙidarsu.

Ɗan Damagaram:
Ina gaishe da manya. Da izininku zan ɗan faɗaɗa zancen, domin wasu daga cikin fitattun mutanen da ke da jinin Holan ba a Holan suka yi suna ba. Birnin New York da kansa garinsu ne, New Amsterdam ake ce masa kafin gwamna Peter Stuyvesant ya miƙa shi ga Ingila a 1664, kuma zuriyar waɗanda suka zauna a kwarin kogin Hudson sun ba Amurka shugabanni uku. Martin Van Buren, wanda ya yi mulki daga 1837 zuwa 1841, da harshen Holan ya tashi a gidansu a Kinderhook, Ingilishi daga baya ya koya. Theodore Roosevelt ya yi suna ne a yaƙin Kuba na 1898 kafin ya hau mulki a 1901, danginsa Franklin Roosevelt kuma, wanda ya ja ragamar Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, da tsohon Baibul na gidansu mai harshen Holan, bugun 1686, ya yi rantsuwar kama aiki har sau huɗu. A ɓangaren soja akwai Janar Hoyt Vandenberg da ya shugabanci sojan saman Amurka daga 1948 zuwa 1953, da Janar David Petraeus na yaƙin Iraƙi da Afganistan, wanda mahaifinsa matuƙin jirgin ruwa ne daga Holan. Ashe ba za a ce akwai wani abu a jinin mutanen nan ba?

Ɗaliba Daga Zariya:
Yaya Ɗan Damagaram, ka yi mini haƙuri, amma wannan magana ta jini ba za ta tsaya ba. Tsakanin kakan Roosevelt da ya sauka a New Amsterdam wajajen 1650 da haihuwar Franklin a 1882 akwai fiye da shekara 200 na auratayya da wasu ƙabilu, saboda haka abin da ya rage masa na Holan bai wuce suna da wancan Baibul ba. Willem na Orange kuwa, wanda suke kira uban ƙasa, a Dillenburg ta Jamus aka haife shi a 1533, ya kuma girma a fadar sarkin da daga baya Willem ɗin ya yi wa ɗansa tawaye. Idan kuma har jinin za mu bi, to sai mu bi shi har Afirka ta Kudu, inda Jan van Riebeeck ya kafa zango a 1652. Hendrik Verwoerd, firayim ministan da ya gina tsarin wariyar launin fata tubali bisa tubali daga 1958 zuwa 1966, wanda a zamaninsa aka yi kisan Sharpeville a 1960, a cikin birnin Amsterdam aka haife shi a 1901. Ya fi duka shugabannin Amurkan nan uku kusanci da Holan, amma ban ji ka sa shi a jerinka ba. Abin da ya ɗaga mutanen kwarin Hudson shi ne sun riga wasu zuwa, sun mallaki filaye da tashar jirage, suka kuma yi ta gadar wa 'ya'yansu.

Alhaji Mai Atamfa:
Ni ɗan kasuwa ne, karatuna bai yi nisa irin naku ba, amma ina biye da ku. Hajiya, tun ina yaron shago nake jin ana cewa sojojin Gana ne suka kawo zanen atamfar Holan daga wata ƙasa mai nisa. Me ya kai sojan Gana aikin Holan, kuma wace ƙasa ce?

Hajiya 'Yar Kumasi:
Alhaji, tambayarka ta kawo mu kan wani janar da ba a ambata ba tukuna, Jan Verveer. Bayan yaƙin tsibirin Jawa na 1825 zuwa 1830, Holan ta rasa sojoji masu yawa a Indonesiya, cututtuka ma sun fi harsashi cin Turawan, sai suka yi tunanin ɗebo baƙar fata. A 1837 Verveer ya zo Kumasi da kyaututtuka da 'yan badujala, ya ƙulla yarjejeniya da Asantehene, wato sarkin Asante, Kwaku Dua na Ɗaya cewa za a ba shi kurata 1,000, shi kuma ya ba da bindigogi. Asante ba su ba da 'ya'yansu ba. Yawancin waɗanda aka tura bayi ne da aka kamo daga ƙasashen arewa, irin su Mosi da maƙwabtansu, ana fansar mutum da kuɗi, a rubuta cewa ya zama ɗa, sannan a riƙa yankar kuɗin fansar daga albashinsa. Ingila ta yi ƙorafin cewa cinikin bayi ne aka sa wa kaki. Tsakanin 1831 da 1872 mutum kimanin 3,000 aka kwasa ta Elmina zuwa Jawa, waɗanda suka dawo kuma suka zauna a wata unguwa da har yau ake kira Java Hill. Daga nan ne labarin da ka ji ya samo asali, sai dai atamfar da ke shagonka masaƙun Turai ne suka kwaikwayi rinin mutanen Jawa da inji, 'yan kasuwa kuma suka samo mata kasuwa a gaɓarmu a ƙarshen ƙarni na 19.

Verveer ɗin nan ya tafi da yara biyu na gidan sarautar Asante domin su yi karatu a Holan. Kwasi Boakye ya zama injiniyan haƙar ma'adinai, ya mutu a Jawa a 1904, Kwame Poku kuwa ya dawo Elmina ya kashe kansa a 1850. A 1838 Verveer ya komo da runduna ya yaƙi Ahanta, ya rataye sarkinsu Badu Bonsu na Biyu, aka yanke kansa aka kai Holan, ya zauna cikin kwalba a Leiden har 2009 kafin a mayar wa danginsa.

Ga kuma inda zancen ya taɓa mu kai tsaye. A 1872 Holan ta miƙa wa Ingila dukan sansanoninta na gaɓar Gana, Ingila kuma ta janye hannunta daga tsibirin Sumatra. Asantehene yana ganin Elmina tasa ce, tunda Holan ta daɗe tana biyansa kuɗi duk shekara a kanta, sai yaƙi ya tashi a 1873, Janar Wolseley na Ingila ya ƙone Kumasi a 1874, kuma cikin waɗanda suka yi wa Ingila wannan yaƙi akwai rundunar Hausawa ta Kyaftin Glover.

Ɗaliba Daga Zariya:
Mama Hajiya, bari in ɗora daga ɗaya gefen wannan ciniki. Da Ingila ta kau da kai daga Sumatra, a 1873 ɗin dai Holan ta afka wa daular Musulunci ta Aceh. Karon farko bai yi musu daɗi ba, domin an harbe kwamandansu Janar Köhler a kusa da babban masallacin birnin. Yaƙin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har tsawon shekara 25, sai da Janar van Heutsz ya karɓi ragama a 1898 tare da mashawarcinsa Snouck Hurgronje, masanin Larabci da ya zauna a Makka a 1885 da sunan Abdulgaffar. Shawararsa ita ce a raba malamai da sarakunan gargajiya, a jawo sarakuna a jiki, a bi malamai da mabiyansu har cikin daji ba sassauci. Sarkin Aceh ya miƙa wuya a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Lugard, kuma duk wanda ya karanta tarihinmu zai gane wannan dabara. A 1904 rundunar van Daalen ta bi garuruwan Gayo da Alas tana kashe maza da mata da yara, a shekarar kuma aka naɗa van Heutsz gwamna janar na dukan Indonesiya.

Shi ma ba shi ya fara ba. A 1621 Jan Pieterszoon Coen, wanda ya kafa Batavia, wato Jakarta ta yau, ya hallaka mutanen tsibiran Banda saboda sun ƙi sayar wa kamfaninsa shi kaɗai gyaɗar ƙamshi. Daga mutum kimanin 15,000, waɗanda suka rage a tsibiran ba su wuce 1,000 ba. Mutum-mutuminsa yana tsaye a dandalin garinsu Hoorn tun 1893, sai a 2012 aka liƙa masa rubutun da ya ambaci Banda. A ganina gidan tarihi ya kamata a kai shi.

Baba Tsohon Soja:
'Yata, a kan Coen ba mu da saɓani, wanda ya karkashe mutanen da ba su da igwa saboda kayan yaji bai cancanci a kira shi soja ba. Amma ban yarda a sauke shi ba, gara ya tsaya da rubutun a jikinsa, kowane yaro da ya wuce ya karanta. Hajiya kuma ta ambaci rundunar Glover, to ku sani daga ita sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa, tun 1863. Jikokin wannan runduna ma sun yi yaƙi a ƙarƙashin janar mai jinin Holan, domin lokacin da sojojin Nijeriya suka sha wuya a Mahiwa, a ƙasar Tanzaniya ta yau, a watan Oktoban 1917, Janar van Deventer na Afirka ta Kudu ne babban kwamandan fagen.

Akwai kuma wanda ban ji an ambata ba, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. A watan Yulin 1995, a Srebrenica ta ƙasar Bosniya, bataliyar Holan ƙarƙashin Laftanar Kanar Karremans ce ke gadin wurin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tudun mun tsira ne. Su 'yan ɗaruruwa ne, makamansu ƙanana, man fetur ya yi ƙaranci, taimakon jiragen sama da suka nema bai zo yadda ya kamata ba. Duk na san wannan. Amma sojojin Janar Mladic, kwamandan Sabiyawan Bosniya, sun ware maza da samari a gabansu, aka kashe Musulmin Bosniya fiye da 8,000, an kuma ɗauki hoton kwamandan riƙe da kofi tare da Mladic. Abin da zan yaba wa ƙasar shi ne, da rahoton bincike ya fito a 2002, gwamnatin Wim Kok gaba ɗayanta ta yi murabus.

Hajiya 'Yar Kumasi:
Baba, murabus ɗin abin a yaba ne, ban ƙi ba, amma a duba tsawon lokacin da kowane lamari ya ɗauka. Na Srebrenica shekara bakwai, domin a Turai aka yi shi, a gaban kyamara. Bauta kuwa an soke ta a Suriname, ƙasar Kudancin Amurka da Holan ta mallaka, tun 1863, amma sai ranar 19 ga Disamban 2022 Firayim Minista Mark Rutte ya nemi gafara a madadin gwamnati, Sarki Willem-Alexander ya biyo baya ranar 1 ga Yulin 2023. Kuɗin da aka ware, Yuro miliyan 200, na wayar da kai ne da ayyukan tunawa, gwamnatin ta kuma bayyana cewa ba diyya ba ce. Malam, kai ka buɗe wannan zance, saboda haka ina jiran ka gaya mana ko ɗalibanka da ka koya wa labarin sarƙar Medway ka koya musu na Kormantin a darasi ɗaya.